Tambayoyi da Amsoshi kan Wasannin Binciken Laifi Masu Labari da Aka Gina a kan Rayuwar Sinawa

Tun da na fara ba abokai labarin irin waɗannan wasanni, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawo mini, wasu a hira, wasu a waya. Na tattara su a nan na amsa gwargwadon abin da na sani da abin da na gani da idona a allon kwamfuta.

Wane irin wasa ne wannan, kuma me ya bambanta shi da wasan harbi ko na ƙwallo?

Wasa ne da labari yake jan ragamarsa. An yi kisa, ko wani ya ɓace, ko gida ya ƙone ba a san dalili ba, sai a danƙa maka binciken. Za ka shiga ɗakin da abin ya faru ka duba kaya, ka yi wa mutane tambayoyi, ka riƙe abin da kowa ya faɗa, sannan ka gano inda maganar wani ta ci karo da abin da ka gani. Saurin yatsa ba ya amfani a nan. Abin da ake nema shi ne haƙuri, karatu da lura.

Waɗanda muke magana a kansu su ne waɗanda aka ɗora a kan ƙasar Sin ko al'ummomin Sinawa: fadar daular Tang, jiragen ruwa a kogin Yangtze a farkon ƙarni na 20, ƙauyen kan dutse inda ake zaman makoki, ko lungunan kasuwa a Singafo. A ganina ma'aunin wasa mai kyau a cikinsu ɗaya ne. Idan za a iya cire jajayen fitilu da rufin gine-gine mai lanƙwasa a maye gurbinsu da titin Landan ba tare da labarin ya canza ba, to ado kawai aka yi. Wanda ya amsa sunansa shi ne wanda al'adar mutanen take cikin hujjar kanta, yadda sai ka fahimci yadda suke jana'iza ko yadda suke ƙirga sa'o'in dare kafin ka kama mai laifi.

Me ya sa a yawancinsu alƙali ne yake yin binciken, ba ɗan sandan ciki ba?

Saboda haka tsarin mulkin Sin na da yake. A zamanin sarakuna, mai riƙe da gunduma shi ne komai: shi yake karɓar haraji, shi yake sauraron ƙara, shi yake zuwa wurin da aka tsinci gawa, shi yake yanke hukunci. Har laƙabi ake yi masa da "uba da uwar jama'a". Ba a tura mutum ya yi mulki a yankinsu na haihuwa, don kada dangi su rinjaye shi, kuma bayan 'yan shekaru ake canza masa wuri. Ka ga ke nan kullum baƙo ne a garin da yake shari'a, wani lokaci ma karin harshen mutanen bai gama kamawa ba, sai ya dogara da magatakarda da dogaran da ya tarar, waɗanda su kuma suna da nasu ubannin gida. Mai tsara wasa ba zai samu jarumin da ya fi wannan dacewa ba, domin shi da mai wasan duk baƙi ne, tare za su koyi garin.

Akwai kuma dokoki biyu da suke ƙara wa labarin zafi. Ta farko, a al'ada ba a kammala hukunci sai wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa da bakinsa, kuma doka ta yarda a yi masa bulala ko matsa don ya amsa. Ta biyu, wanda ya kai ƙarar ƙarya yana iya ɗaukar hukuncin laifin da ya ɗora wa wani. Hukuncin kisa kuwa sai an aika babban birni an sake dubawa, kuma alƙalin da aka samu ya yi kuskure yana iya rasa muƙaminsa. Daga wannan duniya ne aka samu tsohon salon labaran shari'a da Sinawa suke kira gong'an, wanda ya daɗe ƙarnuka kafin a san labarin bincike irin na Turawa a can.

Wasannin zamani ba su ɗauki komai daga tsohon salon ba. A tsofaffin labaran sau da yawa tun farko ake gaya maka wanda ya yi laifin, daɗin yana wajen ganin yadda alƙali zai tarko shi. Wasanni kuwa suna ɓoye sunan har ƙarshe, kuma sun bar azabtarwa sun maye gurbinta da ƙure mutum da hujja.

Di Renjie da Bao Zheng da ake yawan ambata, mutanen gaske ne?

Ƙwarai kuwa. An haifi Di Renjie a 630 ya rasu a 700. Ya yi aikin shari'a a zamanin Tang, kuma tarihin daular ya rubuta cewa cikin shekara guda ya warware shari'un da suka shafi mutum 17,000 ba tare da wani ya koka da zalunci ba. Daga baya ya zama waziri a ƙarƙashin Wu Zetian, mace ɗaya tilo da ta hau gadon sarautar Sin da sunan kanta, ta yi mulki daga 690 zuwa 705. Duniyar waje ta san shi ne ta hannun wani jami'in diflomasiyya ɗan ƙasar Holan, Robert van Gulik, wanda a 1949 ya fassara wani tsohon littafin Sinanci kan shari'un Di zuwa Turanci, sannan ya ci gaba da rubuta nasa labaran a kansa.

Bao Zheng ya zo daga baya, a daular Song. An haife shi a 999 ya rasu a 1062, ya kuma riƙe birnin Kaifeng. Ya yi suna wajen ƙin cin hanci da rashin tsoron manya. A wasan kwaikwayo ana zana shi da baƙar fuska da alamar jinjirin wata a goshi, kuma har yau idan Sinawa suna son yabon alƙali mai gaskiya, da shi suke misali.

Mutanen na gaske ne, amma shari'un da za ka gani a wasa kusan duk ƙirƙira ce.

Binciken gawa da ake nunawa a wasannin zamanin da, ba ƙarin gishiri ba ne?

Wannan ita ce tambayar da na fi son amsawa, domin a nan ne mutane suka fi mamaki. A 1247 wani jami'in shari'a mai suna Song Ci ya kammala littafin jagora ga masu duba gawa, wanda sunansa yake nufin wanke zalunci, kuma ana lissafa shi cikin mafi tsufa a duniya a wannan fanni. Ya rubuta shi ne don ya ga yadda kuskuren dubawa yake kai marar laifi ga takobi.

A cikinsa akwai labarin da ya fi shahara. An tsinci mutum a gefen hanya da saran lauje a jikinsa. Mai binciken ya sa duk mutanen unguwa su kawo laujensu su jera a ƙasa cikin zafin rana. Duk a wanke suke, ba jini a ko ɗaya. Amma ƙudaje suka bar sauran suka yanyame guda ɗaya, mai shi kuwa ya amsa laifinsa. Akwai kuma bayanin yadda za a bambanta wanda ya mutu a gobara da wanda aka kashe sannan aka jefa cikin wuta: wanda yake da rai lokacin gobarar ya shaƙi hayaƙi, za a ga toka a bakinsa da hancinsa. Akwai dabarar riƙe jar lema mai mai a kan ƙasusuwa cikin hasken rana don tsohon rauni ya fito fili.

Ba duk abin da ke ciki ba ne kimiyyar yau ta yarda da shi. Gwajin guba da allurar azurfa, wanda wasanni suke so ƙwarai, yana aiki ne kawai idan gubar tana da sinadarin da ke baƙanta azurfa, kuma gawar da ta fara ruɓewa ma tana iya sa azurfar ta yi baƙi. Ina jin daɗi idan na ga wasan da ya san wannan ya gina kuskuren shari'a a kansa.

To waɗanne wasanni ne za a iya nema?

Detective Di: The Silk Rose Murders ya fito a 2019 daga wani ƙaramin kamfani mai suna Nupixo Games a Kanada. Kai ne Di Renjie, kana bin sawun mai kisa a birnin Chang'an a zamanin Wu Zetian. Zanensa irin na tsofaffin wasannin kwamfuta ne, kana danna abu ka ɗauka, ka danna mutum ka yi magana da shi, kana tara hujjoji a allon bincike. Gajere ne, dare biyu ko uku sun isa.

Murders on the Yangtze River, wanda OMEGames Studio suka fitar a 2024, ya fi tsawo kuma ya fi nauyi. Labarin yana farkon ƙarni na 20, lokacin da mulkin sarakuna yake tangal-tangal, jarumin yana tafiya gari-gari a bakin kogi yana cin karo da kisa. A nan ne za ka duba gawa, ka saurari shaida, ka tsayar da mai magana ka ɗora masa hujjar da ta karya zancensa. Wanda ya taɓa wasan Ace Attorney na Japan zai gane salon nan take. Abin da ya burge ni shi ne yadda yake nuna lokacin da tsohon ilimin duba gawa ya haɗu da sabon ilimin da ya shigo daga Turai.

Firework, na Shiying Studio a 2021, shi ne ya fi daɗewa a raina. Sabon ɗan sanda mai suna Lin Lixun yana wani gari na kan dutse, gobara ta tashi a wurin jana'iza, sai dole ta sa a sake buɗe fayil ɗin mutuwar iyali guda da aka riga aka rufe. Ana lissafa shi cikin wasannin tsoro, amma da tafiya ta yi nisa abin da ya rage baƙin ciki ne: talauci, camfi, bakin mutanen gari, da mata da yara da ba su da mai tsaya musu.

Chinatown Detective Agency na 2022 ya kai mu Singafo ta shekarar 2037. Jarumar, Amira Darma, tsohuwar jami'ar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ce da ta buɗe ofishinta. Dabarar wasan ita ce wasu amsoshin ba sa cikinsa, sai ka fita ka bincika a intanet na gaske, ka gano asalin wata magana ko ƙasar da wani kan sarki ya fito, ka dawo ka rubuta.

Sai Unheard na NEXT Studios a 2019, wanda Sinawa ne suka yi shi amma labarinsa bai ɗauki kamannin ƙasarsu ba. Na sa shi ne don dabararsa: taswirar gini kawai kake gani, kana bin muryoyi ɗaki-ɗaki, kana mayar da lokaci baya har ka gane wa ke magana da abin da ya aikata.

Duk a ƙasar Sin ake yin su?

A'a. Kamar yadda aka gani, akwai na Kanada, akwai na Singafo. Daga Taiwan ma akwai Detention na Red Candle Games a 2017, wanda aka ɗora a wata makaranta a shekarun 1960 lokacin dokar soja. Shi ya fi karkata ga tsoro da tarihi fiye da bincike, amma ya buɗe wa da yawa hanya.

Na ji ana cewa akwai fatalwa da ƙone-ƙonen takarda. Yaya abin yake?

Gaskiya ne, kuma gara mutum ya sani tun kafin ya saya. Tsofaffin labaran gong'an cike suke da mamacin da ya zo wa alƙali a mafarki yana neman a bi masa haƙƙi. Wasanni da yawa sun gaji wannan, suka haɗa da al'adun makoki: ƙona kuɗin takarda da mutum-mutumin takarda don mamaci, turaren wuta a gaban allon sunayen kakanni, bikin fatalwa a wata na bakwai na kalandar gargajiya, da auren matattu, inda ake ɗaura wa mamaci aure don kada ya zauna shi kaɗai a lahira bisa imaninsu. Jerin wasannin Paper Bride, da suka fara fitowa a waya a 2021, a kan irin wannan aka gina su gaba ɗaya.

Ga mai karatu da wannan ya saɓa wa aƙidarsa, ba zan ce masa ya kau da kai ba. Kowa ya san iyakar zuciyarsa. Abin da zan iya faɗa shi ne wasannin sun kasu. Detective Di da Murders on the Yangtze River da Chinatown Detective Agency a kan hujja da hankali suke tafiya, abin da ya yi kama da aikin iska a ƙarshe hannun mutum ne. Firework da Paper Bride kuwa da gaske suke shiga duniyar matattu. Ko a cikin Firework ɗin ma, na lura labarin ba ya yabon camfi. Yana nuna yadda masu cin amana suke fakewa da shi su cuci raunana, abin da ba baƙo ba ne a ko'ina.

Wane abu ya kamata in sani game da al'adar don kada hujja ta wuce ni?

Fara da launi. Fari shi ne kayan makoki, ja shi ne na biki da farin ciki. Idan ka ga mace da jajayen kayan amarya a gidan da ake zaman makoki, mai tsara wasan yana yi maka ishara, ba kwalliya ba ce. Lamba 4 ana gudunta don furucinta ya yi kusa da kalmar mutuwa.

Sai sunaye, waɗanda suka fi komai rikita baƙo. Sunan dangi ne yake zuwa farko: a Di Renjie, Di shi ne sunan gida. Mutumin da ya yi karatu a zamanin da yana da sunan yanka, yana da sunan girmamawa da tsararsa suke kiransa da shi, ga kuma muƙaminsa. Na taɓa ɓata dare guda ina neman mutum na uku a wata shari'a, ashe mutum ɗaya ne ake kira da suna biyu, fassarar kuma ba ta yi bayani ba. Tun daga ranar nake ajiye takarda da biro kusa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane dalilin ba, tunda mu ma matar gida ba ta kiran sunan miji ko ɗan fari, kuma yadda mutum ya kira wani yana nuna matsayinsa a wurinsa. A waɗannan wasanni ma haka ne: bawan da ya kira maigidansa da sunan da bai kamata ba ya tona wani abu.

Lokaci ma da nasa lissafi. An raba dare da rana gaba ɗaya zuwa kashi 12, kowane kashi awa biyu, da sunayen da ake dangantawa da dabbobi. Sa'ar ɓera ita ce daga ƙarfe 11 na dare zuwa 1. Dare kuma an raba shi zuwa tsaro biyar da mai gadi yake sanarwa da ganga ko ƙarfe. A Chang'an ta zamanin Tang, birnin a yanke yake zuwa unguwanni sama da 100, kowace da ganuwarta da ƙofarta. Da magariba ana kaɗa ganga a rufe ƙofofi, wanda aka kama a babban titi bayan nan ya shiga uku. Don haka idan shaida ya ce ya bar wata unguwa ya je wata da tsakar dare, tambayar farko ita ce ta wace ƙofa, kuma wa ya buɗe masa.

Akwai su da Hausa? Idan babu, wane irin Turanci ake buƙata?

Waɗanda na ambata da Turanci ko Sinanci na same su. Turancin sakandare ya isa ga yawancinsu, idan mutum ba ya jin kunyar buɗe ƙamus. Matsalar da ta fi ita ce ingancin fassara. Rubutun Sinanci yana ba da damar kacici-kacicin da ba ya fassaruwa: a raba harafi gida biyu ya ba da suna, ko kalmomi biyu masu furuci ɗaya. Mai fassara nagari yakan sake gina kacici-kacicin, rago kuwa ya bar ka a duhu. Kafin ka saya, karanta ra'ayin waɗanda suka yi wasan da Turanci, ba jimillar yabon da akasarinsa daga masu jin Sinanci ya fito ba.

Sai da babbar kwamfuta? Kuɗi da data fa?

Wannan fanni yana da sauƙi ta nan. Yawancinsu zane ne mai fuska biyu, ƙaramar laftof ta ofis tana ɗaukarsu, kuma bayan an sauke ba sa cin data, ban da Chinatown Detective Agency da yake tura ka bincike. Waɗanda aka yi da bidiyon 'yan wasa na gaske su ne masu nauyin saukewa. Akasari a Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ake samunsu, kuma ana yawan rage farashi a lokutan rangwame. Dokar Steam ta ba da damar mayar da wasa a karɓi kuɗi idan bai wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a yi awa biyu ana wasansa ba, wanda ya isa ka gane ko fassarar tana karantuwa. Na waya sau da yawa kyauta ne amma da talla. Ka guji kwafin sata da ake rabawa, domin banda cutar kwamfuta, yawancin masu yin waɗannan wasanni ƙananan ƙungiyoyi ne na mutum kaɗan.

Idan na maƙale, laifi ne in duba amsa?

Ba laifi ba ne, amma ka bambanta maƙalewa biyu. Idan ka rasa wani ɗan abu da aka ɓoye a kusurwar allo, duba ka wuce, ba ka yi asarar komai ba. Idan kuwa tambayar ita ce wa ya yi ƙarya, ka rufe wasan ka kwana a kai. Sau da yawa amsar tana zuwa da safe. Kuma ka yi hattara da bidiyon YouTube, don take ko hoton farko kaɗai yana iya fasa maka ƙwan labarin gaba ɗaya.

Yara za su iya yi?

Ban ba da shawara ga ƙananan yara ba. Akwai gawa, akwai kisan kai, a wasu akwai cin zarafin mata da kashe kai. Matashin da ya kai shekarun babbar sakandare zai iya yin masu hujja zalla, musamman idan babba yana kusa ana tattaunawa.

Zan iya koyon tarihin Sin daga cikinsu?

Za ka samu ƙofa, amma ka riƙa tantancewa. Misali, labarai da yawa suna ajiye Wu Zetian a Chang'an, alhali a Luoyang ta kafa babban birninta. Tufafi ma akan cakuɗa na dauloli daban-daban, wanda tun tsofaffin littattafan ake yi. Abin da wasa mai kyau yake koyarwa da gaske shi ne yanayin zama: tsoron talaka a gaban kotu, ƙarfin dattawan dangi, matsayin bazawara, darajar jarrabawar shiga aikin gwamnati da mutum zai kwashe shekaru yana faɗuwa yana sakewa.

Da wanne zan fara?

Idan ba ka taɓa irin wannan wasa ba, fara da Detective Di, don gajere ne kuma ba ya wahalarwa. Idan kana son ƙure mai ƙarya da hujja, tafi kai tsaye ga Murders on the Yangtze River, ka ware masa makonni biyu na dare. Firework kuwa ka bar shi sai ranar da gida ya yi shiru, ka sa abin sauraro a kunne, ka yi shi a zama ɗaya ko biyu, don awowi kaɗan ne kuma yankewa tana rage masa ƙarfi.